Da Wasa Da Wa'azi, Wanne Ya Fi Shiga Kunne?

Duk mutumin da Allah ya buɗe wa ido ya iya karatu da rubutu, ba ya daɗewa sai ya ji yana da abin da ya ke so ya gaya wa jama'a. Wani rijiyar garinsu ce ta rufta ba a gyara ba, wani tsadar aure ce ta dame shi, wani kuwa ya ga ana tauye wa talakawa mudu a kasuwa. In ya ɗauki alƙalami sai ya tarad da hanya ta rabu biyu a gabansa. Ko dai ya murtuke fuska ya faɗi maganar yadda ta ke, kamar mai wa'azi, ko kuwa ya naɗe ta cikin raha, a yi dariya, mai hankali ya tsinci abin da a ke nufi. Akwai masu barkwanci da yawa, waɗanda in sun zauna a dandali ba mai son tashi, amma in an zo rubutu sai wasu-wasi ya kama su. Su kan ce a ransu, shin wannan raha tawa za ta shiga kunne kamar yadda magana mai nauyi ke shiga, ko kuwa za a yi dariya a watse, a ɗauke ni wawa?

To, wannan tambaya ta girmi kakanninmu. Saboda haka bari mu bi sawunta cikin tarihin ƙasar Hausa, mu ga aikin da wasa ya yi, mu ga wanda wa'azi ya yi, sa'an nan mu auna.

Wasa A Zamanin Da

Makarantar farko ta ɗan Bahaushe ita ce tatsuniya. Da dare, bayan an ci tuwo, yara su kan kewaye tsohuwa ta ba su labarin Gizo da matarsa Ƙoƙi. Gizo ɗan ƙaramin abu ne, ga tsamin baki, ga kwaɗayi, amma shi ne ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana tsammani da Gizo ta ke ja. Yara su yi ta ƙyaƙyata dariya, su kwanta, ba su san an koya musu cewa ƙarfi ba ya isa in babu dabara ba. Wata rana kuma kwaɗayin Gizo ya kai shi ya baro, su koyi cewa wayon ma yana da iyaka. Sa'ad da Turawa suka zo sun tarad da irin waɗannan labaru ba su ƙidayuwa. Wani ma'aikacin Gwamnati, Frank Edgar, ya tara waɗanda malamai suka rubuto da ajami, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A cikin 1913 ɗin nan kuma wani Bature, Rattray, ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gwalkwas, wadda a yanzu a ke kira Gana.

Bayan tatsuniya sai wasan barkwanci. Kanawa abokan wasan Zazzagawa ne, Katsinawa na Nupawa, Gobirawa na Yarabawa, Fulani na Barebari, maƙera na Buzaye. A cikin gida kuwa akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, waɗanda kan bi juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Bakano ya kan gaya wa Bazazzagi maganar da in wani ya gaya wa sai an kai gaban alƙali, amma sai ka ga sun tafa, kowa ya kama gabansa. Ta wannan hanya a kan rage ɗacin tsohuwar gaba, baƙo kuma ya sami masauki a garin da bai san kowa ba. Darajar wannan al'ada ta kai har a cikin 2014 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wasan barkwancin ƙasar Nijar cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta tsare.

A fada ma ba a rufe wa wasa ƙofa ba. Akwai wawan Sarki, wanda a kan ƙyale ya faɗi abin da hakimi ba shi da bakin faɗa. Akwai wasan gauta, inda matan gidan Sarki kan yi shigar Sarki da fadawansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda su ke yanke hukunci, manya suna kallo, kowa ya ga halinsa kamar a madubi. Akwai 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai, su yi ta jawo baƙi suna fassarawa, alhali karatun nasu duk na tuwo ne da miya da nama. In azumi ya kwana goma kuwa sai yara su fita tashe, su kwaikwayi boka mai cika baki, da tsohon da ya ƙi girma, da zaman miji da mata. A birnin Kano Nalako ya kan bi gwauraye ya kama, ya zaga gari da su, don a tuna musu da aure.

In mai karatu ya lura zai ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni yana da shinge. An san da wa a ke yinsa, gama Bakatsine ba ya ɗaukar wasan Banufe ya kai wa wanda babu wasa tsakaninsu. An san lokacinsa, gama wanda ya fita tashe bayan salla mahaukaci ne. Har wa yau mai wasan yana tsaye gaban mutanen da ya ke yi wa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da ɗan kama ya ga mai gida ya haɗe gira sai ya sake hanya nan da nan. Saboda haka bai taɓa kwana yana tunanin ko wasansa ya shiga ba, gama tun bai bar wurin ba ya riga ya sani.

Malamai Da Wa'azi

Magana mai nauyi kuwa a hannun malamai ta ke. Babban misalinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a cikin 1754. Ya fara wa'azi yana da shekara wajen ashirin, ya zaga Kabi da Zamfara yana kiran mutane. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abu biyar maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya ke so ya amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa ayyukan zaluncin sarakunan zamanin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, irin su ƙwace dukiyar mamaci, da ƙwace kayan 'yan kasuwa, da toshiyar baki a wajen shari'a. Babu habaici a ciki, babu hannunka mai sanda. Da abin ya ƙi gyaruwa aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a cikin 1804, Alƙalawa ta faɗi a cikin 1808, ƙasa duk ta sake. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bi wannan hanya, ta yi waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta suna ɗauka suna kai wa mata ƙauye ƙauye.

Ga shi nan a fili, abin da ya juya ƙasa magana ce wadda aka faɗa ƙiri-ƙiri, mai faɗarta kuma ya sa ransa a kanta. Duk da haka kada a zaci malaman nan masu ɗaure fuska ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri cewa in Shehu ya fito wa jama'a, da sakin fuska ya ke fitowa, ya gaishe su, ya tausasa musu magana. Wannan kuwa koyi ne da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imamu Tirmizi ya keɓe babi guda cikin littafinsa na Shama'ilu a kan rahar Annabi. A ciki akwai labarin mutumin da ya roƙi abin hawa, Annabi ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamaki, me zai yi da ɗan taguwa? Sai aka tuna masa cewa kowane raƙumi ai taguwa ce ta haife shi. Raha ce wadda babu ƙarya ko ƙanƙane a cikinta. Addini ya kuma kafa wa wasa iyaka, gama hadisi ya yi kashedi ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, Suratul Hujurati kuma ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye.

Zuwan Littattafan Boko

Da boko ya zo sai aka sami yara sun iya haɗa baƙi, amma babu abin da za su karanta. Saboda haka a cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar rubuta littattafan hira. Cikin waɗanda aka zaɓa aka buga akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, ƙanen Malam Bello. Biyun nan na ƙarshe su ne suka fi dacewa da maganarmu, gama kamar da gangan aka yi su don a auna wasa da wa'azi.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya shiga duniya neman wani ruwa na magani. Ko'ina ya sa ƙafa sai ya gamu da Malam Zurƙe, yau wannan ya shirya wa wancan tuggu, gobe wancan ya rama. Shaihu Umar kuwa labarin yaro ne da aka sace, aka bautar, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana shan wahala har ƙarshen ranta. Mai karanta na farko ya kan riƙe ciki don dariya, mai karanta na biyu ya kan share hawaye. Yau fiye da shekara tamanin ke nan da buga su, duka biyun suna nan a hannun mutane. Shaihu Umar an juya shi da Turanci a cikin 1967, aka yi fim da shi a cikin 1976. Malam Zurƙe kuwa ya shiga bakin jama'a, har wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya san sunansa.

A cikin 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda ya ke koyarwa, aka kai shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ginin littafin kansa amsa ce ga tambayarmu. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, ɗan Sarki Musa ya ƙudura zai fita daga gida ya faɗa tarko. Bayi da barori ba su iya tsai da shi, sai wani aku ya riƙa riƙe shi da labaru, dare bayan dare, har gari ya waye. Da akun ya tsaya yi masa faɗa, da tun daren farko ya fice. Labarun kuwa, kamar na Sahoro da Sahorama, da na Kalala da Kalalatu, kowane da darasinsa a ciki kamar ƙwallo cikin dabino.

A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Ya san in jarida ta zama wa'azi tsantsa ba mai fid da kwabonsa, saboda haka ya riƙa yi wa maganarsa gishiri da karin magana da misalai. Amma a cikin 1943, da ya je Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, sai ya ajiye raha, ya zayyana masa matsalolin mulkin Arewa dalla dalla. Alƙalami ɗaya ne, sai dai mai shi ya san inda kowace magana ta ke da kasuwa.

Zamanin Siyasa Da Rediyo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasa ta ɗauki zafi. Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa ta Arewa Jamhuriya Ko Mulukiya, ya gargaɗi sarakuna da talakawa su farka. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi har ya zama malamin makaranta a Bauci, ya kan shirya wasannin kwaikwayo masu ban dariya a kan zalunci da cin amanar talaka. 'Yan kallo su yi dariya, wanda ya tsargu ya yi shiru. Amma da aka zo neman gyara na sosai, sai da aka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agusta 1950. A cikin wannan wata kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisa a Kaduna, ya faɗi aibobin mulkin En'e ba tare da kewaye-kewaye ba, ya nemi a bincika a gyara. Bayan binciken aka soke tsarin da ya bar Sarki shi kaɗai da iko, aka ce sai da majalisarsa, aka kuma yi Dokar En'e ta 1954. Abin da masu wasa suka daɗe suna nunawa da baki, sai da wani ya tsaya ya kira shi da sunansa kana doka ta motsa. Amma kuma da masu wasan ba su riga sun jiƙa ƙasa ba, da shukar ta sha wuyar tsirowa.

A shekarun nan ne Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura yaƙi da jahilci, Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano, har aka rufe ta a cikin 1959. Masu talifin lokacin sun gane cewa magidancin da ya wuni a gona ba ya jure wa busasshen karatu da dare. Malam Abubakar Tunau ya koyar da tsabta ta hanyar Wasan Marafa. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ya nuna yadda kwaɗayi da sakacin tarbiyya ke rushe gida. Ko Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda waƙarsa ta mutuwa da hisabi kan sa jiki ya yi sanyi, shi ne kuma ya yi Waƙar Keke ta raha, ba kuwa wanda ya ce girmansa ya ragu.

Da rediyo da talabijin suka kafu a Kaduna a cikin 1962, wasa ya sami sabon dandali. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya fito a matsayin Samanja Mazan Fama, ya sa farar hula suka san zaman bariki ta hanyar dariya. Ya rasu a cikin 2023. Da finafinan Hausa suka yawaita sai Rabilu Musa Ibro ya cika gidaje da dariya, har rasuwarsa a cikin 2014. Shi ma bai tsira daga haɗarin sana'ar ba, gama a cikin 2008 wata kotu a Kano ta ɗaure shi na ɗan lokaci a kan wani fim. Ashe baki shi ke yanka wuya, ko da wasa aka buɗe shi.

Abin Da Za Mu Tsinta

To, jama'a, mun ga aikin kowane. Wasa ya fi saurin shiga, ya fi nisan tafiya, ya kan kuma kai magana inda mai wa'azi ba shi da iznin shiga. Aibinsa shi ne yana barin ƙofar gudu. Wanda aka yi domin shi ya kan iya cewa ai wasa ne, ya yi dariya tare da kowa, ya ci gaba da halinsa. Magana mai nauyi ba ta barin wannan ƙofa, shi ya sa ita ke sake doka, shi ya sa kuma mai faɗarta ya kan biya da tsada.

Amma akwai wata wahala da takarda ta jawo wa mai wasa, wadda ɗan kama bai san ta ba. Takarda ba ta ɗaukar murya, ba ta ɗaukar murmushi, ba ta kuma zaɓen hannun da za ta faɗa. Ba'ar da Bagobiri ya rubuta don abokinsa Bayarabe tana iya kai wa ga wanda bai taɓa jin akwai wasa tsakaninsu ba, ya ɗauka zagi ne. A yau kuwa da wayar hannu ta yawaita, magana kan tashi daga Kano ta sauka Yamai ko Kumasi kafin mai ita ya mai da wayar aljihu. Dukan shingayen nan da magabata suka kafa wa wasa, rubutu ya tsallake su. Saboda haka wasu-wasin mai barkwanci yana da dalili, gama yana harbi ne cikin duhu.

Ga shawarar da tarihi ya ba mu. In ka rubuta abin dariya, ka karanta wa mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin kunyarka, ka dubi fuskarsu, kada ka tambaye su. In sai ka yi bayani kana suka yi dariya, to, yage takardar. Ka tambayi kanka kuma, in an tsame dariyar me zai rage? In akwai gaskiya a ƙarƙashi, kamar labarun aku, wasan zai rayu. In ba abin da ya rage sai cin mutuncin wani bawan Allah, to, Suratul Hujurati ta riga ta yi maka magana. Ka yi wasa da hali, kamar rowa da kwaɗayi da girman kai, ka bar halittar mutum da asalinsa. In kuwa magana ta shafi rai, ko haƙƙin maraya, ko dukiyar jama'a da aka ci, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗe ta a fili da ladabi da hujja, ka sa sunanka a ƙasa.

Kada kuma mai raha ya raina baiwarsa don ya ga an fi girmama mai ɗaure fuska. Mutane da yawa da suka iya karatu a ƙasar nan, son jin yadda Alhaji Imam zai ƙare da Malam Zurƙe ne ya zaunad da su a kan tabarma har idonsu ya buɗe, daga nan suka kai ga littattafan addini da na tarihi. Wanda ya jawo mutum zuwa ga karatu yana da rabonsa cikin duk abin kirkin da mutumin ya karanta daga baya.

Allah ya ba mu ikon sanin inda za mu yi raha da inda za mu tsaya, ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga abin da zai sa mu yi da na sani. Amin.